Gandu, Gayauna Da Hukuma: Tarihin Labarin Duniyar Ƙangi Da Fadamar Haɗejiya

Daga cikin ire-iren ƙagaggun labarai da marubutan duniya suka yi fice a kansu a ƙarni na 20, akwai wani iri da mu marubutan Hausa ba mu cika taɓawa ba, duk kuwa da cewa tun 1975 muke da samfurinsa a cikin harshenmu. Turawa suna kiransa distofiya. Ni dai a wannan maƙala zan riƙa ce masa labarin duniyar ƙangi, wato labarin da marubuci zai ƙago wata ƙasa ko wani zamani mai zuwa, inda hukuma ta mallake gona da gida da baki da zuciyar ɗan Adam, tana kuwa faɗin cewa duk don amfanin jama'a take yi. Nufina shi ne in ɗan bi tarihin wannan nau'in rubutu, sa'an nan in dawo da shi gida, domin ina da ra'ayin cewa idan ɗayanmu ya tashi rubuta irinsa ya kwafo rigimar Turawa yadda take, to zai ɗinka wa Bahaushe rigar da ba ta jikinsa ba.

Asalin abin daga mafarkin alheri ya faro. A 1516 wani Baturen Ingila mai suna Thomas More ya wallafa littafin Utopia, labarin wani tsibiri da babu mai mallakar abin kansa, kowa yana aiki, kowa yana ɗiba daga rumbu guda. Marubuta da yawa sun bi sahunsa suna zayyana ƙasar da babu yunwa babu hassada. Sai da aka shiga ƙarni na 20, aka ga wasu gwamnatoci sun tashi haiƙan za su gina irin wannan ƙasa da bakin bindiga, sa'an nan alƙalami ya juya baya.

Wanda ya buɗe fagen sosai shi ne Yevgeny Zamyatin, mutumin Rasha, injiniyan jiragen ruwa, wanda shi kansa ya goyi bayan 'yan juyin juya hali tun yana saurayi. Tsakanin 1920 da 1921 ya rubuta wani littafi da sunansa ke nufin "Mu". A cikin labarin babu mai suna, kowa lamba gare shi, tauraron ma D-503 ake kiransa. Gidaje na gilashi ne don kada wani ya ɓoye wa hukuma komai, an kuma tsara wa kowa lokacin tashi da na ci da na barci. Daga ƙarshe aka gano cewa cutar da ke damun mutane ita ce tunani, aka shiga yi musu fiɗa a ƙwaƙwalwa ana cire shi. Hukumar Sobiyet ta hana buga littafin. A Amurka aka fara fitar da shi cikin Ingilishi a 1924, mutanen ƙasarsa kuwa ba a buga musu shi a gida ba sai a 1988, shekara hamsin da ɗaya bayan marubucin ya mutu yana gudun hijira a Faris. A 1932 Aldous Huxley ya fito da Brave New World, inda shi kuma hukumarsa ba ta bukatar bulala, ƙwaya da shagala sun ishe ta.

Mutum biyu nake so mai karatu ya riƙe, domin a tsakaninsu gardamar take. Ta farko Ayn Rand ce, wadda ta baro Rasha a 1926 ta koma Amurka da ƙiyayyar gurguzu cike da cikinta. A 1938 ta fitar da ɗan ƙaramin littafi mai suna Anthem, labarin zamanin da kalmar "ni" ta ɓace daga bakin mutane ɗungum, kowa sai dai ya ce "mu". Tauraronta yaro ne mai ƙwaƙwalwa, amma majalisar rabon sana'a ta ba shi sharar titi. Ya gano wutar lantarki a ɓoye, ya kai wa manya, suka tsine masa don shi kaɗai ya yi tunanin, ya gudu daji, a can ya tsinci kalmar da ta ɓata. A wurin Rand maganin ƙangi ɗaya ne: kowa tasa ta fisshe shi.

Na biyu shi ne George Orwell, kuma a nan ɗalibai kan yi kuskure su ɗauka ra'ayinsu ɗaya da Rand. Orwell ɗan ra'ayin talakawa ne har ya mutu a 1950. Ya yi aikin ɗan sanda na mulkin mallaka a ƙasar Bama daga 1922 zuwa 1927, ya ga zaluncin da ke ciki ya ajiye. Ya yi yaƙi a Sifen a 1937, a can ya ga yadda mutanen Stalin suke farautar 'yan uwansu na gwagwarmaya. Saboda haka da ya wallafa Animal Farm a 1945, da kuma Nineteen Eighty-Four a 1949, abin da yake kuka da shi shi ne yadda 'yan tsiraru kan sace kalmar "mu" su mayar da ita tasu. Haɗin kan dabbobi bai zarga ba. Waɗanda suka hau kan haɗin kan suka yi sukuwa su ya zarga. Ya kuwa san abin da yake faɗi, domin tun daga 1929 Stalin ya tilasta wa manoma shiga gonakin tarayya, abin da ya jawo yunwar 1932 zuwa 1933 wadda ta kashe miliyoyin mutane.

To, wannan Animal Farm shi ne Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da shi Hausa da sunan Gandun Dabbobi, Maɗaba'ar Jami'ar Ibadan ta buga a 1975. Duk wanda ya karanta ya san ba fassarar kalma da kalma ya yi ba. Mai gonar ya zama Nomau, tsohon aladen da ya yi mafarkin 'yanci ya zama Dattijo, aladu biyu masu takarar mulki suka zama Maitumbi da Ɗantulu, mai zaƙin bakin da ke mayar da baƙi fari ya zama Karambana, dokin nan mai aiki ba ji ba gani kuwa Akawal. Sunayen kaɗai sun isa darasi ga mai koyon fassara. Amma a ganina babbar gwanintarsa tana cikin kalma ɗaya ta bangon littafin. Yana iya cewa gonar dabbobi, ba wanda zai ce ya yi kure. Sai ya ce gandu.

Gandu a wurin Bahaushe fuska biyu gare shi. Akwai gandun gida, inda uba da 'ya'yansa, wani lokaci har da ƙannensa da iyalansu, suke noma gona ɗaya su zuba a rumbu ɗaya. Maigida shi ke ciyarwa, shi ke biyan haraji, shi ke yi wa saurayi auren fari. Su kuma suna ba shi ƙarfinsu daga safe zuwa wajen azahar. Amma tsarin bai tsaya nan ba. Kowane ɗan gandu ana yanka masa gayauna, wato 'yar gonarsa ta kansa, wadda zai shiga da yamma ko ranar hutu, abin da ya samu a ciki kuwa nasa ne, ko ya sayi riga ko ya sayi tunkiya ba ruwan kowa. Wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta yi dogon bayani a kan wannan tsari a littafinta na 1972 a kan Ɓatagarawa ta ƙasar Katsina, ko da yake duk wanda ya tashi a ƙauye ba ya bukatar littafi kafin ya san shi. Abin lura shi ne, rigimar "ni" da "mu" da ta sa Turawa suka cika takardu, kakanninmu sun yi mata sulhu da rabon yini: safiya ta gandu, yamma ta gayauna. Idan aiki ya fi ƙarfin gida ɗaya kuma sai a kira gayya, a yi kiɗa, a ci tuwo, gobe a koma gonar wani.

Kada a ɗauka ina cewa gandun gida aljanna ne. An yi iyayen da suka danne 'ya'ya har furfura ta fito musu ba su mallaki ko akuya ba, kuma rabon mace a ciki ba ya kai na namiji. Sai dai ɗan gandu yana da ƙofar fita. Yana iya neman a ware masa, yana iya tafiya cin rani, yana iya kai ƙara wurin dattawa waɗanda suka san shi suka san ubansa.

Fuska ta biyu ita ce gandun sarki da na masu sarauta. A da bayi ke noma shi, bayan zuwan Turawa kuma aka ci gaba da tara talakawa su yi aikin da ba lada ba godiya. Shi ma sau da yawa gayya ake kiransa, kalmar dai ɗaya ce, amma wannan gayyar dogari ke kiranta. Yaƙi da irin wannan aikin tilas yana cikin abin da ya tara wa jam'iyyar NEPU jama'a tun daga kafa ta a 1950, kuma haraji da jangali ba su bar wuyan talakan Haɗejiya ba sai a 1979, lokacin da Gwamna Abubakar Rimi ya soke su a tsohuwar Jihar Kano, wadda muke cikinta kafin a ƙirƙiro Jigawa a 1991. Ke nan Bahaushen da ya ɗauki Gandun Dabbobi ba sai an ba shi tarihin Rasha ba. Ya ga dabbobi sun kori Nomau don su kafa gandun gida, suka farka suka tarar da kansu a gandun sarki, ba gayauna, ba ƙofar fita.

Yanzu bari mu gangara fadama, domin a nan ne nake ganin marubucin wannan yanki yake zaune a kan taska bai sani ba.

Kogin Haɗejiya haɗuwar kogin Kano ne da na Calawa. Ya ratso ta Wudil da Ringim, da ya iso ƙasarmu mai shimfiɗe kamar faifai sai ya rarrabu ya bazu, wani reshe ya nufi Nguru ta Marma, sauran su haɗu da ruwan Jama'are su zama kogin Yobe har Tafkin Cadi. Kafin a taɓa shi, kowace damina sai ya cika ya malale fadama, da kaka ya janye. A kan wannan cika da janyewa mutanen Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri suka gina rayuwarsu. Manomi ya shuka shinkafa ruwa ya zo ya same ta. Masunci ya bi kifin da ya hayayyafa a cikin ambaliya. Da ruwa ya ja, a bi danshin ƙasa a shuka wake da sauran kayan rani. Bafulatani ya gangaro da shanu su ci ɗanyar ciyawa lokacin da tudu ya bushe ƙayau. Fili ɗaya, masu shi uku ko huɗu, kowa da watansa. Sarkin ruwa ya san ranar da za a buɗe tafki a yi su, mai unguwa da bulama sun san burtali da mashaya. Ana saɓani, har akan zub da jini wani lokaci, amma masu yanke hukunci suna shan ruwan da suke hukunci a kansa.

A 1974, shekara guda kafin fitowar Gandun Dabbobi, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a zamanin Gwamna Audu Baƙo. Dole a yi adalci a nan. Ƙasa tana fitowa daga farin 1972 zuwa 1974 wanda ya halaka dabbobi ya tagayyara mutane, ga kuɗin mai sun shigo, kuma niyyar ita ce a ba birnin Kano ruwan sha, a yi noman rani na zamani a Kadawa da kewaye. An kuwa samu. Duk mai cin tumatir da shinkafar Kura yana cin albarkar Tiga. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, a 1978 gwamnatin soja ta kafa dokar da ta danƙa dukkan ƙasar jiha a hannun gwamna, a 1992 kuma aka gama madatsar Calawa. Cikin ƙasa da shekara ashirin, ikon cewa ga ranar da ruwa zai zo ya tashi daga hannun damina ya koma hannun ma'aikacin da ke riƙe da mabuɗin ƙofar dam, nisan tafiyar kwanaki a ƙafa daga mutumin Guri.

Masu bincike sun ƙiyasta cewa filin da ruwa kan malale a wannan fadama ya kai kadada 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960, daga baya ya dawo tsakanin 70,000 da 100,000. Ba dam kaɗai ya jawo haka ba, ƙarancin ruwan sama na shekarun 1970 da 1980 yana da nasa kason. Amma a farkon shekarun 1990 wasu masana uku, Barbier da Adams da Kimmage, sun zauna sun yi lissafin abin da fadama ke bayarwa na noma da kifi da itace, suka gwada da abin da aikin noman rani na kogin Kano ke bayarwa, suka tarar cewa idan da yawan ruwan da aka sha za a auna, fadama ta fi riba nesa ba kusa ba. Wannan lissafi bayan an gama gini aka yi shi. Lokacin da ake zana taswira, shinkafar mutumin fadama da kifinsa ba su shiga takarda ba, don ba a ofis aka shuka su ba.

Sai kuma kacalla. Da aka koma sako ruwa rani da damina, hanyoyin da a da sukan bushe su huta suka zama kullum a jiƙe, wannan doguwar ciyawa ta samu wurin zama. Ta toshe magudanai, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki masu cinye hatsi. Ruwa ya rasa hanyarsa, wani gari yana kukan ambaliya, na gaba da shi yana kukan ƙishirwa. Wanda ya ga abin da ruwa ya yi wa ƙasar Haɗejiya a 2020 da 2022 ya san ba tatsuniya nake yi ba.

Mu namu ya zo da sauƙi idan aka tuna Bakolori ta tsohuwar Jihar Sakkwato. A can ma dam aka gina don raya ƙasa, aka tashi dubban mutane, aka riƙe wa manoma gonaki ana gyara, diyya ta zama abin da ta zama. Manoma suka tare hanyoyi. A watan Afrilu na 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma. Gwamnati ta ambaci adadi kaɗan na waɗanda suka mutu, mutanen wurin da wasu masu bincike suka ce ɗaruruwa ne. Waɗannan manoma ba kowa don kansa ya fito ba. Gari-gari suka fito.

A nan ne nake rabuwa da Ayn Rand. A labarinta jama'a ce dodo, mutum ɗaya ne abin tausayi. A tarihin fadamarmu kuwa abin da babbar hukuma ta murƙushe wata ƙaramar jama'a ce mai tsarinta, aka murƙushe ta da sunan wata babbar jama'a da ake kira ƙasa. Daɗin daɗawa, mai cewa "ni" ɗin ma ya ci rabonsa. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka shiga rabon injin ban-ruwa da rance don a noma ta a gida, masu kuɗi da manyan ma'aikata suka kwararo fadama, aka sare dazuzzuka, aka nome makiyaya da burtali. Bayan 'yan shekaru aka janye hanin, alkama ta faɗi, amma burtalin bai dawo ba, kuma wani sashe na rigimar manomi da makiyayi da muke fama da ita daga nan ya ƙara tsami. Hukuma ta ɗauke ruwa daga sama, mai hali ya ɗauke fili daga ƙasa. Wanda ya karanta Anthem ya ce ya gane mu, rabin labarin ya ji. Orwell ya fi kusa, shi ya sa Akawal ya fi D-503 kama da mutanen da muka sani: ya ja dutse don ginin da aka ce na kowa ne har ƙarfinsa ya ƙare, aladu suka sayar da shi suka sayi giya da kuɗin.

Kayan aikin wannan rubutu muna da su a adabinmu, sai dai a warwatse suke. Umaru Dembo ya nuna tun 1969 a Tauraruwa Mai Wutsiya cewa Hausa tana iya ɗaukar labarin da ya wuce duniyar da muke gani. Littattafan farkon shekarun 1980, irin su Turmin Danya da Tura Ta Kai Bango na Sulaiman Ibrahim Katsina, da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, sun nuna tana iya duban mai mulki da mai kuɗi ido cikin ido. Abin da ya rage shi ne a haɗa biyun, a ɗauki abin da ke faruwa yau a ja shi gaba shekara hamsin a ga inda zai kai. Amfanin yin haka ga marubuci a fili yake, musamman ga waɗanda suka tuna Doka ta 4 ta 1984 wadda ta ɗaure 'yan jarida biyu, ko ƙona littattafan Hausa da aka yi a Kano a 2007: abin da ba ya faɗuwa da sunan yau yana faɗuwa da sunan gobe, ko da bakin doki da jaki.

Sai dai ina roƙon matasanmu kada su cika labarin da gidajen gilashi da na'urorin da ba su taɓa gani ba. Ga ƙasar da ruwa ke zuwa da takarda. Ga garin da aka ce kowa ya shuka abu kaza ranar kaza, wanda ya saɓa a rufe masa magudana. Ga yaron da ya tashi bai taɓa jin kalmar gayauna ba, har ya tsince ta a bakin kakarsa ya tambayi ma'anarta. Tauraron irin wannan labari ba zai tsira ta hanyar gudu daji shi kaɗai ba, domin mutum ɗaya ba ya buɗe hanyar ruwa. Mutanen ƙauyukan Marma da suka ga kacalla za ta kashe su, gayya suka riƙa kira, suna shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, gari da gari, suna yanka tana sake tsirowa.

Mugun labarin ma ba sai an yi masa jajayen idanu ba. Ya fi ban tsoro idan ma'aikaci ne mai kirki, mai salla a kan lokaci, wanda ke zaune a bakin dam da littafin lissafi, yana buɗe ƙofa yana rufewa bisa umarnin da aka aiko masa, bai kuma taɓa taka garin da ruwan ke zuwa ba.